Ta ina ake fara binciken tarihin tsohon kasuwancin gyaɗa da sufuri a Kano?

Ɗan Fagge ya tambaya:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin tonon tsofaffin takardu. Ana son a rubuta tarihin wani kasuwancin gida da ya fara da awon gyaɗa wajajen 1950, daga baya ya koma sufurin manyan motoci da kantin yadi, har ya durƙushe bayan 1980. Mai kasuwancin ya rasu tuntuni. Abin da ya rage a hannu shi ne akwatin ƙarfe guda mai ɗauke da rasidai, littafin bashi biyu da aka rubuta da ajami, tsohon littafin cak, da hotuna kaɗan. Dattawan gidan kowa da shekarar da yake faɗa. Ta ina ya kamata a fara? Shin in an je Kaduna za a samu fayil da sunansa? Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Kundi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don a nan mutane da yawa suke asarar kuɗin mota. Da wuya ka tarar da fayil mai sunan ɗan kasuwa, sai fa irin su Alhassan Ɗantata da suka yi girman da Razdan kansa, wato Baturen da ke shugabantar lardi, yake rubutu a kansu. Ma'adanar takardu ba da sunayen mutane aka tsara ta ba, da sunan ofishin da ya buɗe fayil aka tsara ta. Saboda haka tambayar da za ka riƙa yi wa kanka ita ce: wane ofishi ne wannan kasuwanci bai da makawa sai ya bi ta ƙofarsa? Mai awon gyaɗa ya bi ta wajen masu ba da lasin da masu duba ingancin kaya. Mai kanti ya bi ta ofishin ƙasa da na haraji. Mai mota ya bi ta ofishin lasin mota. Wanda ya ci bashi ko aka ci nasa ya bi ta gaban alƙali. Kowace ƙofa da inda takardunta suka tafi.

Amma kada ka taka ko'ina tukuna. Ka ba akwatin nan mako biyu. Ka fito da takardun ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka wargaza yadda aka jera su ba, domin jerin kansa shaida ne: rasidan da aka ɗaure da zare ɗaya galibi na kaka ɗaya ne ko na kamfani ɗaya. Ka ɗauki hoton kowace gaba da baya, ka ba ta lamba da fensir a kusurwa. Sannan ka buɗe littafi ka ja layi huɗu: kwanan wata, abin da ya faru, lambar takardar da ta nuna haka, da ko tabbas ne ko zato. Abubuwan da za ka tsamo daga ciki su ne duk yadda aka taɓa rubuta sunan mutumin da boko, sunan kasuwancin in akwai, lambar akwatin gidan waya, lambar fuloti, lambar mota, sunan kamfanin da yake kai wa kaya, da sunan tashar awo. Lambar akwatin gidan waya tana da amfani ƙwarai, don sunan kanti yakan canja, akwatin kuwa ya zauna shekara talatin.

Takardar da ba ta da kwanan wata ma tana faɗin shekarunta. In kan sarkin da aka manna a rasit na Sarki Joji na shida ne, to kafin 1953 ne ko daf da ita, daga nan na Sarauniya suka shigo. In adireshin ya ce Jihar Kano, to bayan Mayun 1967 ne. In kuɗin fam da sule ne, kafin Janairun 1973 ne. Littafin cak ɗin nan ma ka duba sunan bankin da kyau. Wanda muke kira First Bank yau ya ɗauki wannan suna ne a 1979, kafin nan Standard Bank ne, kafin nan kuma Bank of West Africa, wanda shi ma sai 1957 ya yar da kalmar British daga sunansa. Barclays ya zama Union Bank a 1979. Hoton mota a kan titi kuwa, ka lura da hannun da take bi: Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a Afrilun 1972.

To, sai Kaduna. Ofishin Hukumar Adana Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon shi ne ya gaji takardun gwamnatin Arewa. Ka tafi da takardar gabatarwa daga makaranta ko wurin aiki, da katin shaida, da hoton fasfo don ko an nema. Akwai kuɗin rajista da na ɗaukar hoton takardu, ka tambayi farashi da ƙa'ida a ranar farko kafin ka ɗaga waya. Ranar farkon gaba ɗayanta ka ba littattafan jerin fayiloli, kada ka yi gaggawar neman a ɗauko maka komai. Jeri biyu ne naka. KANPROF shi ne takardun ofishin Razdan na Lardin Kano. SNP kuma na Sakatariyar Lardunan Arewa ne, inda manyan batutuwa suke ƙarewa. In awon ya taɓa Gusau ko Ƙaura Namoda, sai ka leƙa SOKPROF, in Funtuwa ce ko Malumfashi ka nemi na Katsina da na Zariya, domin sai 1934 aka mai da Katsina lardi mai zaman kansa.

Sunayen fayilolin da Turanci suke, don haka kalmomin da idonka zai riƙa farauta su ne irin su "Groundnut", "Buying Stations", "Licensed Buying Agents", "Trading Plots", "Motor Transport", da rahoton shekara na lardi, wanda yake da sashe kan ciniki. Kwarori kuwa a waɗannan takardu "Syrians" ake ce musu ko da 'yan Lebanon ne. Idan an kawo maka fayil, fara ɗaukar hoton bangonsa mai lamba kafin shafukan ciki, in ba haka ba za ka koma gida da hoto ɗari biyar ba ka san wanne daga ina ba. Kuma kada ka tsallake shafukan gaban fayil inda Di'o, wato jami'in mulki da ke ƙarƙashin Razdan, da Razdan suke wa juna gajerun rubuce-rubuce da hannu. Wasiƙar da aka buga da tafireta takan ce an ƙi ba wane lasin, dalilin ƙin kuwa yana cikin rubutun hannun.

Wani abu game da lasin. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke sa farashi, a 1954 aka mai da aikin hannun hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Arewa. Ita ke naɗa ejan masu lasin, kuma su kaɗan ne: kamfanonin Turawa irin su UAC, John Holt, GBO, CFAO da SCOA, da wasu Kwarori, da manyan attajiran ƙasa. A ƙarƙashinsu akwai ɗaruruwan masu sikeli da ke karɓar kuɗin gaba su shiga ƙauyuka. In mutuminku yana cikin waɗannan ne, ba za ka ga sunansa a jerin hukuma ba, kuma wannan bai ƙaryata dattawan gidanku ba. Rasidan akwatin ne za su nuna maka ubangidansa.

Baba Tsohon Muhuti ya amsa:

Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai ni ina ganin ya kai yaron nan Kaduna da wuri. Ɗana, ɗan kasuwar cikin birni ko Fagge talakan En'e ne, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarki, ba na Razdan ba. Harajinsa mai unguwa ya karɓa, rumfarsa ta kasuwa En'e ta ba shi, shari'arsa gaban alƙali ta je. Bature ba ya ganinsa sai in rigima ta haɗa shi da kamfani. Don haka ka fara da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, inda aka tara ragowar takardun En'e, kafin ka hau hanyar Kaduna.

Takardar da ta fi kowace ƙima a irin wannan aiki ita ce ta rabon gado. Idan attajiri ya rasu aka kai gadon kotu, ana ƙididdige komai ne: gidaje da inda suke, motoci, kayan da ke cikin sito, bashin da ake binsa da wanda yake bi, da sunayen mutanen. Ba wani rahoton Bature da zai ba ka hoton kasuwanci a rana ɗaya kamar wannan. Ka nemi sanin kotun da ta yi rabon da shekarar, ka rubuta takardar roƙo zuwa ga magatakardan kotun, kuma ka tafi da ɗaya daga cikin magada ko takardar amincewarsu, domin ba a buɗe wa bare littafin gado. In rabon a gida aka yi, malamin da ya raba yakan bar kwafi wurin babban ɗa, wani lokaci a cikin gafakar Alƙur'ani ba cikin akwatin kasuwanci ba.

Tsofaffin littattafan alƙalai da Larabci ake rubuta su da kwanan watan Hijira. Hanyar kusanto da shekara ita ce ka ninka shekarar Hijira da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1372 za ta ba ka 1952 da 'yan kai, kuma haka ne, ta fara a Satumbar 1952 ta ƙare a Satumbar 1953. Kada ka rubuta shekara guda tak sai ka san watan, don kusan kowace shekarar Hijira tana hawa biyu na boko.

Littafin bashin ajami kuwa, kada ka ba ɗan makarantar Islamiyya na yanzu ya karanta maka shi kaɗai. Rubutun 'yan kasuwa na da warashi ne, ba wasali a yawancin wurare, kuma cike yake da taƙaitawa da mutum ya ƙirƙira don kansa. Ka nemi dattijon alaramma, ka haɗa shi da tsohon da ya yi zaman sikeli, su zauna tare. Ɗaya ya san harafin, ɗaya ya san cewa wannan sunan ƙauye ne ba na mutum ba. Ka kula da lissafin kuɗin: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, taro kwabo 3, sisi kwabo 6, nai kwabo 9, fataka sule 2. Da aka canja kuɗi fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma na sabon kuɗi, amma 'yan kasuwa sun ci gaba da lissafi da fam shekaru masu yawa bayan haka. Saboda haka "fam ɗari" a shafin 1976 naira ɗari biyu ake nufi, kuma ganin kalmar fam a littafin hannu ba ya tabbatar da cewa shafin ya girmi 1973, saɓanin rasit bugagge.

Shawara ta ƙarshe, ɗana. Littafin bashi sunayen mutane ne da 'ya'yansu da jikokinsu suke raye a unguwa. Ka yi amfani da adadin da sunayen garuruwa, ka sakaya sunan wanda bai biya ba.

Hajiya 'Yar Zazzau ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari, Malam da Baba. Ni ɓangaren laburare zan ƙara.

Kafin ka ɓata wata guda kana tono, duba ko wani ya riga ka. Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello sun daɗe suna sa ɗalibai rubuta kundin digiri kan kasuwanni, unguwanni, sana'o'i da attajirai. Yawancinsu ba a buga su ba, suna ɗakin kundaye na laburare, a Zariya kuma ka duba Laburaren Kashim Ibrahim. Ingancinsu ya bambanta, wasu kwafe-kwafe ne, amma ka buɗe shafukan ƙarshe. A nan za ka ga lambobin fayilolin da ɗalibin ya duba a Kaduna, wanda zai rage maka kwanaki, da jerin dattawan da ya yi hira da su a shekarun 1970 da 1980, mutanen da yanzu ba sa duniya. Kan farkon cinikin gyaɗa bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, littafin Jan Hogendorn na 1978 ya isa ya ba ka shimfiɗa, ko da yake ya tsaya tun kafin zamanin mutuminku.

Sai jaridu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara a 1939, Nigerian Citizen a 1948, New Nigerian a Janairun 1966, Triumph ta Kano a 1980. Gidan Arewa da ke kan titin Rabah a Kaduna shi ne wuri na farko da zan tura ka neman ɗaurarrun kwafinsu. Ba su da fihirisa, shafi-shafi ake bi, don haka kada ka ce za ka karanta shekara talatin. Ka zaɓi lokutan da ɗan kasuwa yake bayyana: buɗe kakar gyaɗa wajen Nuwamba, lokacin da ake sanar da farashi da tashoshin awo, makon salla da na bikin 'yancin kai, inda kantuna ke sa gaisuwa, sanarwar ɓatan takardar fili ko ta mota, gwanjon kayan wanda bashi ya ci, da ta'aziyya bayan rasuwa. Tallar da ke ƙasan shafi mai faɗin tafin hannu ita ce takan ɗauki adireshi, lambar waya da jerin kayan da kanti ke sayarwa. Gazet ɗin gwamnatin Arewa, daga baya na Jihar Kano, ita ma a duba ta don sanarwar filaye da naɗe-naɗe. Tsofaffin littattafan lambobin waya na gidan waya suna nuna shekarar da suna ya fara fitowa da shekarar da ya ɓace.

Ka ce kasuwancin ya juya daga gyaɗa zuwa mota da yadi. Ka ɗora wannan juyi a kan abin da ya faru a ƙasa, za ka ga inda za ka matsa bincike. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya noman gyaɗa, cutar da ta afka mata a 1975 ta ƙarasa shi, dalar gyaɗa ta ɓace. A daidai lokacin ne dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta fara aiki a 1974, aka ƙarfafa ta a 1977, kuma baƙi da yawa suka sayar da kantuna da motoci ko hannun jari. In kantin yadinku a wannan tsakani ya bayyana, nemi takardar cinikin, wataƙila saye aka yi ba kafawa ba.

Game da rajista: Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, an kafa ta ne a 1990, amma ta gaji fayilolin da ma'aikatar ciniki ta riƙe kafin ita. A shafinta na intanet kana iya neman suna kyauta, ya nuna maka lamba da ranar rajista. Lamba mai RC kamfani ne, mai BN sunan kasuwanci ne kawai. In kamfani ne, ka biya a ba ka tabbataccen kwafin takardun kafuwa, musamman tsofaffin fom CO2 da CO7, masu nuna wa ke da hannun jari nawa da su wane ne daraktoci. Kurakurai biyu ake yi a nan. Na farko, ɗaukar ranar rajista a matsayin ranar kafuwa, alhali mutum yakan yi shekara ashirin yana ciniki kafin banki ko kwangilar gwamnati ta tilasta masa rajista. Na biyu, cewa babu rajista don intanet bai nuna ba. Ka gwada sunan ta kowace fuska, da Alhaji da babu, da "& Sons" da "& Bros", Muhammadu da Mohammed da Mamman, Ɗan a haɗe da a rabe, sannan ka rubuta wa hukumar a duba tsohon fayil.

Ɗan Fagge ya sake tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na koma akwatin, rasidan farko na UAC ne. Akwai inda ake samun takardun kamfanin? Sannan wasu takardun sun fara karyewa a wurin ninki, an ce in kai a yi musu laminatin.

Malam Mai Kundi ya amsa:

Kada ka kuskura ka yi laminatin. Zafin injin da gam ɗin suna shiga jikin takarda, tawada ta baje ko ta dushe, kuma ba a iya cirewa har abada. Salatif ma haka, bayan 'yan shekaru zai bar jan tabo ya ci rubutun. Ka buɗe ninkin a hankali a kan tebur mai tsabta, in takarda ta ƙi buɗuwa kada ka tilasta ta, musamman da hunturu da komai ya bushe. Cire allura da ƙusar sitefula masu tsatsa, ka sa kowace takarda a tsakanin farar takarda biyu, a kwance cikin fayil, fayilolin kuma cikin kwali. Kada ka rufe su a leda, tana tara gumi da damina su yi fumfuna. Kwalin ya hau kan kanta nesa da bango da ƙasa saboda gara, kuma ba ƙarƙashin kwanon rufi ba. In za ka yi sikanin, digo 300 a inci ya isa ga rubutu, hotuna kuwa 600, kuma da launi ko da takardar fara da baƙi ce, don a rarrabe tawada da fensir da hatimi. Ajiye kwafi a wuri biyu, ba waya kaɗai ba.

UAC kuwa, an kafa shi a 1929, kuma tsofaffin takardunsa suna ma'adanar Unilever a Port Sunlight kusa da Libaful a Ingila. Suna da jerin kayansu a intanet, kuma ana iya aika musu tambaya a rubuce. Ka rage buri dai, abin da ya kai Ingila yawanci rahoton manajoji ne, hotuna da mujallun kamfani, littafin akawun tashar awo ba kasafai ya tsallaka teku ba. In za ka rubuta musu, ka haɗa hoton rasit ɗaya mai nuna reshe da shekara, ka ambaci sunan tashar awon, kuma ka duba ko rasit ɗin yana ɗauke da sunan wani ƙaramin kamfani a ƙarƙashin UAC, domin GBO ma ya koma hannunsu kafin 1950 amma ya ci gaba da ciniki da sunansa.

Dattawan da shekarunsu suka saɓa, kada ka tambaye su shekara. Tafi da hoton rasit ko na mota ka ajiye a gabansu, ka tambaya wane sarki ne a kan gado lokacin. Abdullahi Bayero ya rasu a ƙarshen 1953, Sanusi ya yi daga nan zuwa 1963, Muhammadu Inuwa 'yan watanni, Ado Bayero ya hau a Oktoban 1963. Ka gana da su ɗaya-ɗaya, ka fara da matan gidan da tsofaffin direbobi da yaran kanti, ka naɗi murya da izininsu, ka rubuta rana da wurin hirar a farkon kowane naɗi.